Hoton da Aka Aika wa Kabirou

Ranar da Sabiou ya shigo shagona da baƙin akwatin nan, ko sallama bai yi ba. Ya dire shi a kan teburin da nake yanka hotuna, ya buɗe, ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana jiran in yi kabbara.

"Kamarad Habou, ga makaminka na Parakou."

Ni da Sabiou unguwa ɗaya muka tashi a Zangon Djougou, bulalar malam ɗaya muka sha. Amma tun da aka ba shi kula da al'adu a komitin juyin juya hali, ya ɗinka kaki mai aljihu huɗu ya soke biro uku, sunana ya tashi daga Habou ya koma Kamarad. Shekarar tamanin da uku ke nan, kuma lokacin ba a gardama da mai biro uku.

Na ɗaga abin da ke cikin akwatin. Kyamara ce sabuwa ful, kyautar wata ƙasar abokai, an ɗaura mata ido mai tsawon tabaryar daka yaji. Na juya bakin idon na karanta lambar da ke jiki. Biyar da shida. A sana'armu, iya ƙanƙantar lambar nan iya faɗin da ido yake buɗewa ya sha haske, kuma biyar da shida ƙaramar kafa ce.

Na ce, "Sabiou, wannan na rana ne. Ka kai shi filin ƙwallo da azahar, zai kamo maka gumin mai tsaron gida. Amma a zauren wasa makaho ne."

"Kai wanne za ka ɗauka?"

Na jawo tawa daga ƙarƙashin tebur. Tsohuwa ce, fentin kusurwoyinta ya goge, maigidana Bayarabe da ya koya mini aiki ne ya bar mini ita. Idonta guntu ne, bai fi murfin gwangwanin tumatir ba, amma lambarsa ɗaya da takwas. Ko fitilar kwano aka kunna a ɗaki, yana gani.

Sabiou ya tuntsire da dariya. "Da wannan abar za ka tsaya gaban Kamarad Prefe, shugaban lardi? A ce Djougou ba ta da kayan aiki? Non, non. Babbar za ka rataya, kuma a baya za ka tsaya, kada ka tare wa manya gani. Don haka aka yi ta da tsawo."

Ka ji fa. Mutumin da bai taɓa wanke fim ko ɗaya ba yana gaya mini dalilin da ya sa aka ƙera ido. Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce to. Da don komiti ne kawai, wallahi da na rataya tabaryarsu na ɗauko musu duhu ƙulli guda, su je su liƙa a bango. Amma akwai Baba Massaoudou a cikin maganar.

Baba Massaoudou ƙanin mahaifina ne, shi kaɗai ya rage a gidanmu cikin waɗanda suka ga ayarin goro da idonsu. Kakanmu madugu ne, ya sha kai fatake Gwanja ya dawo da su. Da komiti ta shirya wasan kwaikwayon da za a kai gasar Parakou, sai aka rasa wanda ya san yadda madugu yake tafiya, yadda yake naɗi, yadda yake kiran tashi. Aka zo aka roƙi Baba. Kowa ya yi mamakin da ya yarda, don yanar ido ta riga ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma inuwa-inuwa yake gani da shi.

Ni na san dalili. Ɗansa Kabirou ya tsallake iyaka shekara takwas da suka wuce, lokacin da aka shiga kama ɗalibai, yana can Kumasi, kuma ba shi da halin dawowa. A wasiƙarsa ta ƙarshe, wadda ni na karanta wa Baba, ya rubuta cewa ya fara manta fuskar mahaifinsa, a taimaka a aiko masa da hoto. Na ce wa Baba ya zo shago in ɗauke shi a gaban labule. Ya ƙi.

"In zauna a kujera kamar mai jiran likita? A'a. Ka ɗauke ni ranar wasan, cikin rigar babana, ina tsaye. Haka nake so yaron nan ya riƙe ni. Daouda direba zai tashi Kumasi ranar Alhamis, shi zai kai."

Hoto ɗaya tak ya roƙe ni a duk rayuwarsa, kuma na yi masa alkawari.

Ranar Asabar aka loda mu a bayan babbar mota, 'yan wasa da ganguna da huhunan goro na ƙarya da aka cusa wa ciyawa. Babbar kyamara tana wuyana tana sara mini ƙeya, ƙaramar tana aljihun 'yar-cikina, na sa mata fim mafi saurin kama haske da na samu. Filash kuwa a gida na bar shi. Baba da ƙirga taku yake gane bakin dandamali, in ka watsa masa walƙiya a ido sai dai a tsince shi a ƙasa.

Da muka shiga zauren a Parakou na ɗaga kai, sai na ji kamar in zauna in yi kuka. Kwan lantarki shida ne a saman dandamali, biyu sun mutu, uku suna numfashi da kyar, ɗaya ne kawai mai rai a gefen dama. A bango kuma an shimfiɗa jan ƙyalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, da manyan fararen haruffa na kirarin juyin juya hali. An rufe tagogi don kada waɗanda ba a gayyata ba su leƙo. Ƙarfe biyar na yamma ne, amma ciki ka ce magariba ta wuce.

Sabiou ya kama hannuna ya kai ni can bakin ƙofa. "Voilà. Nan ne wurinka."

Na tsaya. Da aka fara, na ɗora tabaryar a kan dakalin taga don kada hannuna ya girgiza ta, na danna sau huɗu. Kowace dannawa sai idon ya daɗe a buɗe yana laluben haske, har kana iya cewa bismillahi kafin ya rufe. Na san abin da zai fito. Duk abin da ke tsaye cak zai fito, duk abin da ke motsi zai zama hayaƙi. Na sauke wa komiti nauyinta, na tura tabaryar bayana, na bi gefen bango a sunkuye har na isa gindin dandamali, na durƙusa daidai inda kwan nan mai rai yake zubo haske.

A yadda Sabiou ya rubuta wasan, madugu mugu ne. Yana zaluntar masu dako, yana cin guminsu, a ƙarshe talakawa su tashi su tuɓe masa rawani. Baba ya yi duk abin da aka ce ya yi. Ya daka tsawa, ya ɗaga sanda. Amma da aka zo wurin da ayari zai tashi, sai ya tako a hankali, yana ƙirga takunsa a zuci, ya tsaya a ƙarƙashin hasken. Ya gyara naɗi da hannun hagu, ya ɗaga na dama, ya yi kiran tashi irin na kakanmu, da addu'ar hanya da sunayen zangunan da ayari yake kwana, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ya cikin takardar Sabiou. Zauren ya yi tsit. Wata tsohuwa a baya ta rangaɗa guɗa, sai tafi ya ɓarke.

Ni ban tafa ba. Na buɗe idon kyamarata har ƙarshe, na daidaita shi a kan fuskar Baba, na manne gwiwar hannuna a cinya, na ɗauke numfashi. Na jira lokacin da ya ja iska tsakanin suna da suna, lokacin da jiki yake tsayawa na ƙiftawar ido, na danna. Sau uku na samu. A na ukun na san na kama shi.

Ranar Litinin a Djougou na rufe kaina a ɗakin wanki. Na bar fim ɗin ya ƙara daɗewa a ruwan magani don ya fito da ɗan hasken da ya sha. Da na tsoma takarda a faranti, sai fuskar ta fara tasowa. Ga zaren rawani ɗaya-ɗaya, ga furfurar gemu, ga jijiyoyin hannun da ya ɗaga. Hasken ya sauko masa ta gefe guda, ɗaya gefen ya nutse a duhu. Shekara goma sha tara ina aikin nan, ban taɓa yin hoto kamarsa ba. Bayansa kuwa komai ya narke ya zama toka-toka mai laushi, don haka guntun ido yake yi in ka buɗe shi duka: abin da ka nuna masa shi kaɗai yake riƙewa. Na ga hakan, na ji daɗi, ban yi tunanin komai ba.

A nan na yi wautar da har gobe ba na yafe wa kaina. Al'adarmu ce mu masu hoto, duk wanda ya yi aikin da ya burge shi, sai ya liƙa shi a allon ƙofar shago ya yini ɗaya kafin mai shi ya karɓa. Haka maigidana yake yi, haka kowa yake yi, da shi ake jawo ciniki. Gidan Baba bai fi taku ɗari uku daga shagona ba. Da na sa hoton a ambulan na taka na kai masa, da shi ke nan. Amma ina so a gani. Ina so masu hoton bakin kasuwa su wuce su haɗiyi yawu. Na buga shi babba, na liƙa ranar Talata da safe.

Kafin hantsi ƙofar shagona ta cika. Mata masu zuwa kasuwa suka sauke kaya, tsofaffi suka tsaya suna cewa wallahi madugu ne ya dawo. Ina ciki ina jin yabo, kaina yana kumbura. Tsuntsun da ya ja ruwa, ai shi ruwa kan doka. Wajen azahar taron ya dare biyu, Sabiou ya shigo da mutum biyu a bayansa.

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya sa yatsa a kan toka-tokan da ke bayan Baba.

"Mene ne nan?"

"Bango ne."

"Ƙyallen ne. Ina rubutun?"

"Sabiou, ido ne. In ka buɗe shi don ya sha haske, abin da ke nesa a baya ba ya fitowa. Ba ni na yi ba, haka gilashi yake."

"Gilashi ne ya zaɓi ya goge kirarin juyin juya hali, ya fito da feodal mai cin gumin talaka kamar waliyyi? Gilashin nan naka yana da ra'ayi, Kamarad."

"Feodal? Baba Massaoudou ne fa! Mutumin da ya yanka ragon sunanka saboda ubanka yana tafiya!"

Bai ko ƙifta ido ba. "Na ce ka yi aiki da kyamarar komiti. Ka yi?"

"Na yi. Babu komai a ciki."

"Za mu gani. Kawo nagatif, duka biyun."

Na ce ba zan bayar ba. Na faɗi maganganu da yawa, wasu a kan kakinsa, wasu a kan biro ukun da bai iya rubuta wasa da su ba. Cikin mutanen nan biyu, ɗaya ya ɓalle hoton daga allo, ɗaya ya shiga ɗakin wanki ya kwashe duk abin da ke rataye a igiya. Jama'ar da ke yabona ɗazu suka sulale ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki.

Sannan Sabiou ya ɗaga fim ɗin tabarya a hasken ƙofa, ya zaɓi ɗaya, ya ce in buga masa guda biyu yanzu, yana tsaye. Na buga, don an riga an nuna mini cewa rufe shago ba wuya. Abin da na faɗa tun farko shi ya fito. Ƙyallen ya fito raɗau, kowane harafi ana karanta shi daga ƙofa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani farin shafe mai kama da hayaƙin murhu, ba kai ba ƙafa. Baba ke nan.

"Très bien," in ji Sabiou. "Ka ga babbar ta yi aiki."

Ranar Laraba ban buɗe shago ba. Na tafi wurin mahaifiyarsa, Inna Habsa, don a unguwarmu in yaro ya gagara, uwarsa ake kai wa ƙara. Na same ta tana tsince wake. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Habou, tun da ya sa rigar nan, ni ma sai na yi sallama kafin in shiga ɗakinsa. Ka je ka same shi shi kaɗai, ba a gaban mutane ba. A gaban mutane ba ɗana ba ne."

Na same shi a buro, wato ofishinsa, bayan la'asar, shi kaɗai. Na sauke murya, na kira shi da sunan da muke kiransa muna yara. Na ce ba na son nagatif ɗin, ba na son babban hoton. Ya bar ni in buga ƙarami guda ɗaya, kamar tafin hannu, in sa a ambulan, gobe ya bar ƙasar, ba mai sake ganinsa.

Ya tashi ya rufe ƙofa. "Kana tsammani ni ban ga kyansa ba? Tun ranar Lahadi aka bugo daga Parakou ana tambaya me ya sa zaure ya tafa wa madugu bai tafa wa talakawa ba. Sai ga shi kai kuma ka liƙa shi a bakin titi. Kuma wa za a aika wa? Wanda sunansa ke cikin lis ɗin waɗanda ake nema. In aka kama hoton a iyaka, wuyan wa za a nema?"

"To ina nagatif ɗin?"

"Sun tafi Parakou da safe, tare da rapor ɗina. Na rubuta cewa kuskuren kayan aiki ne, ba na niyya ba. Ka gode mini."

In gode masa. Na tsaya ina kallon bakinsa, na rasa wanda zan fara shaƙewa, shi ko ni. Na fito ban rufe masa ƙofa ba.

Ranar Alhamis da sassafe na sa sabon fim a ƙaramar kyamarata, na nufi gidan Baba. Na shirya abin da zan faɗa. Zan gaya masa gaskiya, in roƙe shi ya sake sa rigar, in tsayar da shi a bakin zaure inda rana take shigowa. Ba zai kai wancan ba, amma fuska ce, kuma fuska Kabirou ya roƙa.

Na tarar da motar Daouda a ƙofar gida, inji yana aiki. Baba yana zaune a kan buzu, Daouda yana tsugune a gefensa, kuma a hannun Baba akwai hoto. Tun daga bakin zaure na hango fararen haruffan.

"Habou ne?" Baba ya ce, don takuna ya sani. "Zo nan, ɗan albarka. Sabiou ya riga ka. Jiya bayan magariba ya kawo mini da kansa, da sunan komiti. Ya ce duk garin nan maganar hoton ake yi."

Ya shafa takardar da tafin hannu, a hankali, daidai kan haruffan, yana murmushi.

"Mutane suna ta shigowa tun shekaranjiya, wai sun gan ni a ƙofar shagonka, wai babana sak. Ni dai fari-fari nake gani. Naɗin ya zauna?"

Na kalli Daouda. Daouda ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota.

Na ce, "Baba, ina so in sake ɗaukar wani. Ga kyamara na zo da ita. Minti biyar."

"Don me? Wannan bai yi ba?"

Ya ɗago fuska wajen muryata, murmushin yana nan, amma ya fara tsayawa. Shekara takwas ban ga murmushin nan a fuskarsa ba. Na fasa faɗar abin da na shirya.

"Ya yi, Baba."

"To me za a sake? Rigar ma na naɗe ta, na gama da ita. Abin da na yi ranar nan ba na iya sake shi, ko an ce in yi. Kai dai karɓi biro wurin Daouda, ka rubuta masa a baya, hannunka ya fi kyau."

Na karɓi hoton na kife shi a gwiwata. Biron ya ƙi kamawa, sai da na goga shi a tafin hannu.

"Rubuta: Kabirou, ga ubanka, ka dube shi da kyau. Ka nuna wa yaranka."

Na rubuta, harafi bayan harafi, kamar yadda ya faɗa. Baba ya laluba ya karɓa, ya tofa addu'a a kai, ya zura shi a ambulan da kansa, ya lashi bakin ya manne. Daouda ya sa a aljihun gaba ya ɓalla maɓalli, ya ce rana tana yi, akwai shingaye a hanya.